Koren Ƙoƙon Dutsen Da Kawu Sale Ya Kawo Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa ta Toranke,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kabarinki na cike da haske da yalwa. Mu nan Gaya muna lafiya, sai dai tsufa da ya cim mini, har na zarce shekarun da kika yi a duniya.

Shekaranjiya muka fitar da kayan ɗakina za a gyara rufi, sai ga koren ƙoƙon nan naki na dutse a ƙasan adaka. Na zauna da shi a cinya har aka kira la'asar. Shi ya sa na ce bari in yi miki magana.

Kin tuna dawowar Kawu Sale, yayanki? Tun ba a haife ni ba ya tafi Makka a ƙafa, aka daina jin ɗuriyarsa. Ina yarinya mai tallar gyaɗa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, sai ga wani dogon mutum ramamme ya yi sallama a zaurenmu da ƙunshi ɗaya a kafaɗa. Kina tsakar gida kina sussuka. Muryarsa kawai kika ji, kika saki taɓarya, kika fita ba ko mayafi.

Bai zo da darduma ko turare ba. Abin da ya kwance daga tsumma ya miƙa miki shi ne ƙoƙon. Bai fi tafin hannu ba, kore kamar ɗanyen ganyen rama, ga sanyi ko da tsakar rana. Ya ce wani tsohon alhaji mutumin ƙasar Sin ne ya ba shi, wanda zazzaɓi ya kayar a Madina, shi kuma ya yi jinyarsa. Ba mai jin harshen wani, sai salla da suke yi tare. Da tsohon ya warke zai tafi, ya danƙa masa shi, ya dafa ƙirjinsa.

Na ga yadda kika ɗaga shi sama, hasken rana ya ratsa dutsen kamar ruwa. Sannan kika bi zanen da farce. Gajimare ne masu nannaɗe kamar gammo, suna zagaye baki. Ƙasa da su furen bado ya buɗe, kifaye biyu na iyo kai da wutsiya. A mariƙin kuma wata dabba ce mai dogon jiki ta leƙo tana kallon cikin ƙoƙon, kamar mai jin ƙishirwa. Ke da kika tashi da zanen ƙwarya, kika ce, “Wanda ya yi wannan bai taɓa sauri ba a rayuwarsa.”

Daga ranar kika canja hannu. Ki sa wuƙa a garwashi, ki ajiye ƙoƙon a gabanki kan faifai, ki yi ta gwada gajimaren nan a jikin ƙwarya. Na farko sun fito kamar hanjin kaza, muka yi ta dariya har da ke. Kafin kaka hannunki ya faɗa. Mata daga Kademi har Ajingi suka riƙa aiko da ƙore, kowace ta ce zanen Sin take so. Ni nake hura miki wuta, ƙaurin ƙwarya na shiga mini ido.

Sai Baba ya ƙi. Ya ce kifayen zane ne kawai, amma dabbar da ke mariƙin cikakkiyar siffar abu mai rai ce, ba za ta kwana a gidansa ba. Kawu na zaure, ya ji komai, ya kuma fara naɗe tabarmarsa. Ban taɓa jin kin mayar wa Baba magana ba sai ran nan. Kika durƙusa kika ce, “Malam, Yaya ya yi tafiyar da ya yi, bai dawo da komai ba sai wannan. In na fitar da shi, shi na fitar.” Washegari kika aike ni wurin baduku, ya ɗinke mariƙin da jar fata, fuskar dabbar ta ɓuya. Baba ya duba, ya kau da kai, maganar ta mutu. Amma bai taɓa shan ruwa a ciki ba.

Kawu ya zauna da mu, yana taya Baba noma, yana ba mu labarin matarsa da 'ya'yansa da ya baro a Sudan. Da shekarun fari suka zo, gero ya bushe tun bai fid da kai ba, sai ya fara tsame hannu daga akushi da wuri, ya ce ya ƙoshi. Rannan ya ce zai koma gabas, nasa yaran ma suna jiransa. Kika roƙe shi, ya ƙi. Kika mayar masa da ƙoƙon don ya tafi da shi, ya ce, “Hauwa, bar shi nan, a san na zo.” Muka raka shi har kasuwar Gaya. Motar na tashi kika juya baya, kika ce ƙura ce ta shiga miki ido, alhali da safen an yi yayyafi.

Daga nan kika rage zane. Kowace Juma'a dai sai kin wanke ƙoƙon, kin goge shi da gefen zaninki.

Labarin rasuwar Kawu wani alhaji mutumin Kademi ya kawo wa Baba bayan wasu shekaru. Ina gida lokacin, na zo wankan jego. Baba ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakinki. Sai ya miƙa hannu kan jere, ya ɗauko ƙoƙon ta mariƙin, ya ɗebo ruwa a randa. Ya kurɓa, sannan ya miƙa miki ya ce, “Sha, ki yi haƙuri.” Kin gane tun kafin ya faɗa.

Inna, jikata da ke karatu a Kano ta duba mini a wayarta. Ta ce mutanen Sin na daraja wannan dutse fiye da zinariya, ba a sassaƙa shi da wuƙa, sai dai a yi ta goga shi da rairayi har zane ya fito. Ta ce kifayen nan biyu fatan alheri ne, na wadata da zaman tare. Na so a ce kina kusa ki ji. Ni kam idona ya yi rauni, yanzu da yatsa nake ganinsu.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya jiƙan Baba da Kawu, da tsohon nan na Sin da ba mu san ko sunansa ba. Allah ya shayar da ku daga tafkin Alkausara, ya tara ku a gidan da ba a rakiya. In tawa ta zo, ya sa in same ki.

Wassalam.

'Yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa bari kin kira sunanta ba,
Rabi.