Ƙofar Baya da Adiza Ta Sa Na Buɗe

Zangon Sokodé, 22 ga Maris, 1992

Zuwa ga ɗana Salifu a Dapaong,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma tuyar ƙosai. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da furfura ta fito na shiga karatun yamma na manya.

Na ga saƙonka cewa in sa 'yarka Adiza a kamiyo, babbar motar nan, ta taho wajenku, tunda hargitsin siyasa ya ƙi kwantawa. Na san tsoro ne na uba. Amma saura wata uku ta yi jarrabawar gama firamare, in ta tafi yanzu shekarar ta lalace. Ka ji abin da ya faru kafin ka yanke shawara.

Ranar Asabar aka yi gasar tambayoyi a lakwal, wato makarantarsu, a kan yadda mutum zai tsira daga gobara, ambaliya da tarzoma. Aji huɗu suka kara, iyaye muna zaune ƙarƙashin mangwaro. Uwata Adiza, ka san haka nake kiranta tunda sunan Inna ta ci, ba ta kuskure ko tambaya ɗaya ba. Ta ce mai in ya kama wuta a kasko murfi ake sa masa, ba ruwa ba. Ta ce cikin hayaƙi rarrafe ake yi. Daga ƙarshe suka rage su biyu da wani yaro ɗan unguwar Didaouré, sai alƙalin gasar ya ce kowa ya faɗi ta inda zai fita in wuta ta tashi a gidansu. Yaron ya zuba abin da ya haddace a littafi. Ita kuwa ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce gidansu babu mafita, domin tun da aka fara rikici kakanta ya toshe ƙofar baya da bulo, kuma in zai tafi Juma'a yakan kulle zaure ta waje ya tafi da makulli a aljihu.

Faransancina bai kai ba, sai da maƙwabcinmu Jibril ya fassara mini, yana danne dariya. Salifu, kunya ta rufe ni. Gaskiya ta faɗa. Ni a ganina tsare su nake yi daga masu jifa, ashe mutum tara nake kullewa tare da murhun gawayi uku da kaskon ƙosai. Alƙalin ya ce ita ce ta ci, don ita ta dubi gidansu, shi ya dubi takarda. Aka ba ta jakar littattafai da fitila. A hanya ta ce in yafe mata, ta tona mini asiri a bainar jama'a. Na ce mata ai uwa ce ta tsawata wa ɗanta. Mahaifiyarka ta ce wata shida tana faɗa mini wannan magana ban ji ba, sai da aka faɗa da Faransanci.

Washegari da hantsi ni da Jibril muka fasa bulon nan, aka sa ƙyaure mai sakata ta ciki. Gida uku a unguwarmu sun yi haka bayanmu.

Don haka ban sa ta a kamiyon Talata ba, kuma ina roƙonka ka bar mini ita har ta yi jarrabawa. Hanyar ma cike take da shingaye. In an gama, da kaina zan kawo ta. In kuwa ka ce a'a, kai ne uba, zan aiko ta, amma ka rubuto mata dalili da hannunka, don ni ba zan iya faɗa mata ba.

Ka gaishe da matarka Zénabou da yara, da kawunka na Bombouaka in ya shigo kasuwa. Mahaifiyarka tana sa maka albarka. Allah ya kwantar mana da ƙasa.

Ni ne mahaifinka mai jiran amsarka,
Mumuni