Na Ce Mata Zunubi Ce, Alhali Ni Ma Ina Yi

Salama gare ku, masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni Bahaushiya ce Kirista, irinmu kaɗan ne a Gadarif. Yaƙi ne ya koro mu daga Khartoum, ni da mijina da 'ya'yanmu biyar, muka tare a ɗaki ɗaya. Mijina dattijo ne a kanisarmu, wato cocinmu. A haihuwata ta ƙarshe na kusa tafiya, daktora ta ce in na sake ɗaukar ciki ba ta da tabbas a kaina. Na faɗa masa. Ya ce, "Maman yara, jikinki ba naki ke kaɗai ba ne. Yaƙi ya cinye mutanenmu. In kowace mace ta rufe mahaifarta, wa zai rage?" Ban yi musu ba. Na je mustashfa, wato asibiti, a ɓoye na fara karɓar allurar tazarar haihuwa, har yau ina karɓa.

Akwai wata a zumuntar mata, zan kira ta Rahila. Mijinta lebura ne a gonakin riɗi na Simsim, yaranta huɗu, jikinta duk ya ƙare. Ranar nan muna shan jabana, gahawarmu ta nan, ta ce, "Yaya, ke matar dattijo ce, ki gaya mini gaskiya. Allurar nan zunubi ce?" A lokacin hannuna bai daina tsami daga tawa allurar ba. Me ya hana ni faɗa mata gaskiya? Tsoro nake kada maganar ta kai kunnen mijina. Na ce, "Zunubi ce, ya ukhti, 'yar'uwata. Ki yi addu'a." Ta ce, "Khalas, shi ke nan, tunda ke kika faɗa."

Ta samu ciki. Ba ta sake neman shawarata ba. Ta je garin Showak wajen wata mata don ta zubar da cikin, aka ba ta wani abu ta sha, jini ya ɓalle. A mota ta cika, kafin a iso da ita Gadarif.

Ni na wanke ta. Ban yi kuka ba, har yanzu ban yi ba. Ina dafa abinci, ina ba ƙaramar 'yarta a baki, ba na jin komai, ko ɗanɗanon gishiri. Da muka dawo daga maƙabarta mijina ya ce, "Kin gani? Mutum ɗaya ya yi a ɓoye, jama'a duka ta ɗauki nauyin." Rahila yake nufi. Ni kuwa na ji da ni yake. Wa ya fi cutar da jama'a, ita da ta zubar, ko ni da na yi ƙarya?

Yanzu ya ce ranar Lahadi in tsaya gaban mata in yi musu gargaɗi da abin da ya sami Rahila. In na faɗi gaskiya, aurena da mutuncinsa sun tafi. In na maimaita ƙaryar, akwai masu goyo da za su zauna a gabana, kuma za su yarda da ni.

Me zan yi?