Inna Tana Goge Tabon da Ba Ta Gani

Anti, ki ba ni shawara don Allah, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, fararen kaya nake sawa a wurin aiki. Tun rasuwar Baba mahaifiyata ta dawo wurina, ta kuma karɓe wankin gidan kaf. Na hana, na hana, ta ce ita ba ta zo zaman cin banza ba. Da wanki da guga ta raine mu, Anti, har yau ba ta yarda akwai wanda ya iya fitar da kari kamarta ba.

To, yanzu idonta ya yi rauni. Sai ta wanke riga, ɗigon jini ko maiƙo na nan, ba ta gani ba, ta bi ta kai da dutsen guga, tabo ya zauna daram. Ta miƙo mini a linke tana murmushi. Shugabarmu ta yi mini magana a gaban marasa lafiya, na ji kunya ƙwarai. Na fara kai kayan wurin mai wanki a ɓoye, sai ga Inna tana tambaya ko na daina datti ne. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci. Idan na gaya mata gaskiya, me kuma zai rage mata a gidan nan?

'Yar Inna

'Yar Inna, sannu da ƙoƙari.

Shugabarki ba ta yi laifi ba, marar lafiya yana duban rigar mai jinyarsa. Amma ɓoye kayan nan ki daina. Tsohuwa ta san yawan abin da ke shiga bahonta, kuma ina zaton ta riga ta gane.

Tabo kafin wanki ake yaƙarsa. Da kin dawo, ki ɗauraye jini da ruwan sanyi, ruwan zafi dafa shi yake yi. Maiƙo ki ɗiga masa sabulun wanke-wanke ya jiƙa. Sannan ki soka fil mai rufi a gefen kowane tabo. Ido ne ya gaza, yatsun da suka shekara suna cuɗa kaya ba su gaza ba, za su lalubo wurin. Kada riga ta hau teburin guga sai kin duba ta a hasken rana.

Gaskiyar kuwa ki faɗa mata, ku biyu kawai, sannan ki kai ta a duba idon, wataƙila yanar ido ce kurum. Kullum kina kai iyayen wasu gaban likita, taki ma ta cancanta. Za ta ji zafi, amma gara ta ji daga bakinki da ta ci gaba da jiran kayan da ba sa zuwa.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya bar ku tare.

Anti