Fentin da Na Kankare

Jurf, Madina
9 ga Rabi'ul Sani, 1404

Zuwa ga uwargida Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Safiyatu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni dai lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi, sai kewarku da ta hana ni ƙiba.

Yajin da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Na kuma ga gorin da kika maƙala a ƙasan takarda, wai shekara uku ina gyara motocin mutane na kasa gyara zaman gidana. To, yau da magana na zo.

Kin san igamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, za ta ƙare a Rajab, kuma sabunta ta a hannun kafilina take, wato wanda ya tsaya mini, Alhaji Abdussamad, mai garejin da nake aiki. Shekaranjiya ya ɗauke ni zuwa gidan mahaifiyarsa, Hajiya Iyatu, a Khalidiyya. Su ma Hausawa ne, sai dai shi a nan aka haife shi, Hausar tasa rabi Larabci ce. Ya yaye wani tamfol a tsakar gida, sai ga wata 'yar mota, rufinta bai wuce ƙirjina ba. Fiyat ce ta Italiya, ƙirar 1959, ta marigayi mahaifinsa. Injinta a baya yake, ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Ƙofofinta ta gaba suke buɗewa, rufinta kuwa ƙyalle ne da ake naɗewa. Shekara goma sha ɗaya rabon da a tashe ta.

Wani injiniya ɗan Italiya da ke aiki a Yanbu ya ji labarinta, yana so ya gan ta, in ta yi masa ya saya ya kai ƙasarsu. Alhaji ya ce in shirya ta cikin wata guda. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa in aikin ya yi kyau zai sabunta mini igama, ya nemo muku biza ke da Safiyatu. Ƙaltume, a ƙasa na durƙusa ina godiya, har ya ji nauyi ya ɗago ni. Makanikai shida ne a garejin, ni ya zaɓa.

Motar dai ta ji jiki. Fentinta shuɗi ne da ya koɗe kamar tsohon zane, kujeru sun tsattsage, sitiyari ya yi santsi don riƙo. Amma kin san mijinki. Zan mayar da ita amarya, har ɗan Italiyan nan ya rantse jiya ta fito daga kamfani. Ki fara ɗaura kayanki a hankali, kada ki faɗa wa kowa tukuna sai Inna.

Ki gaida Inna da kyau, ki shafa mini kan Safiyatu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne naki,
Maigandi


Jurf, Madina
14 ga Jimada Ula, 1404

Zuwa ga uwargida Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Safiyatu, da fatan kowa yana lafiya. Jikina lafiya, amma zuciyata ba lafiya ba. In kin ɗaura kaya, ki dakata.

Na yi aikin kamar yadda na ce. Na kankare tsohon fentin har sai da ƙarfe ya fito fari, na fesa mata ja mai sheƙi. Na cire kujeru na sa sababbi masu laushi. Na canza sitiyari, da fitilu, da madubi, da kafireto, na sa na Jafan waɗanda suka fi nata ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsofaffin kayan na tara su bayan gareji, kwana biyu na ga babu su, na ce masu kwasar ƙarafa sun hutar da ni. Ranar da na gama, duk layinmu sai da aka fito kallo. Alhaji da kansa ya zagaya ta yana mashaAllah.

Kin san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga haddin Madina, don haka muka ɗora ta a babbar mota muka kai ta wajen filin jirgi, can muka haɗu da mutumin bayan la'asar. Dattijo ne siriri, yana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Tun daga nesa na ga fara'arsa ta ragu. Bai ko dubi sheƙin da na kwana goma ina gogewa ba. Gaban motar ya buɗe, ya haska tocila kusa da tankin mai, ya karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ya gwada da ta ɗan farantin da ke gefe. Ya zagaya baya ya goge injin da hankici ya karanta tasa lambar. Ya duba wani littafi a aljihunsa ya gyaɗa kai. Ya ce jiki da inji tare suka fito, ba a taɓa raba su ba, kuma irin wannan ta yi wuya ko a ƙasarsu.

Sai ya fito da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, yana bin jikinta da shi a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cike da fila, ƙullin da muke toshe lotsawa da shi. Wuri uku ya saki, duk ukun aikina ne. Ya duba tambarin da ke kusurwar kowane gilashi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya ga shuɗin asali inda hannuna bai kai ba, ya daɗe tsugune yana kallonsa. Daga nan ya riƙa taɓa abubuwan da na sa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ina na da. Na ce an zubar. Wallahi sai da ya dafe kai.

Ashe su masu neman irin motocin nan tsufan suke saye. Tsagar kujera, koɗewar fenti, har notin da kamfani ya ɗaura da hannunsa, su ne shaidar mota a wurinsu. Ni kuwa da na tashi a inda ba a kai wa baƙo abu sai an wanke an goge, na bi shaidun nan ɗaya-ɗaya na share. Garin gyaran gira na rasa ido. Ya ce ba zai saya ba.

Amma ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin kirki ne. Bai yi mini dariya ba. Ya zaunar da ni a inuwar babbar motar, ya rubuta mini abin da ke na asali da wanda ba na asali ba, ya nuna mini yadda ake gane walda ta kamfani da ta gareji. Da zai tafi ya damƙa mini maganaɗisun. A awa biyu na koyi abin da shekara ashirin da sufana ba su koya mini ba, kuma na gode masa har zuciya.

Alhaji kuwa ya ɗauke mini kai tun da muka dawo. Yau kwana biyar ke nan, sallama kawai ke haɗa mu. Na ji an ce ya karɓo takardar sallamar ma'aikaci, irin wadda in an buga wa mutum sai gida. Ina jin tsoro, Ƙaltume, kuma ina jin kunyarki. Ki taya ni da addu'a, ki roƙi Inna ita ma.

Ni ne naki,
Maigandi


Jurf, Madina
27 ga Jimada Sani, 1404

Zuwa ga uwargida Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da Inna, da Safiyatu. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso. Na zaci faɗa zan tarar, sai na ga kin rubuta cewa ko a Madina ko a Fagge miji dai miji ne. Sau uku na karanta wurin nan. Allah ya bar mini ke.

Bayan na aiko miki waccan takarda na kasa sukuni. Na ga cewa Alhaji ciniki ya rasa, amma motar ta mijin wata ce, kuma ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Khalidiyya ni kaɗai, na yi sallama, na zauna daga bakin ƙofa. Hajiya Iyatu tana daga ciki bayan labule. Na faɗa mata duk abin da na yi, ban rage komai ba, ban kuma ɗora wa kowa ba.

Ta sa aka buɗe mini wani ɗaki. Ƙaltume, ga kayan nan duka a cikin buhuna: kujeru, sitiyari, fitilu, madubi, kafireto, har notoci a gwangwanin madara. Ashe tun da aka fitar da motar take aika direbanta ya kwaso duk abin da na cire. Ta ce ba a riga an raba gadon marigayi ba, akwai 'yarsu a Sudan da ba ta zo ba, kuma kayan magada ko ƙusa ce ba a zubarwa. Ita ba ta san wani ɗan Italiya ba, tsoron Allah kawai ta ji. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Sannan ta gaya mini abin da ko ɗanta bai sani ba. Ba ta taɓa son a sayar da motar ba, nauyin hana shi ta ji. Ta ce da na yi aikin daidai, da yanzu motar tana cikin jirgin ruwa. Har na fara jin sanyi a raina, sai ta tambaye ni ƙofar direba. Ta ce a samanta akwai wurin da fenti ya cinye, faɗin tafin hannu, inda marigayi yake ɗora gwiwar hannunsa in yana tuƙi. Duk Juma'a takan ɗaga tamfol ta shafa wurin. Na tuna shi sarai. Shi na fara bi da sanfefa, don ya fi ko'ina muni a idona. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta yafe.

Mako uku na yi ina mayar da kowane abu mazauninsa, da takardar ɗan Italiyan a hannuna. Na cire jan fentin, na haɗa shuɗi na gwada shi da na ƙarƙashin shimfiɗa har suka zo ɗaya. Wanda bai sani ba zai ce ita ce. Ni da Hajiya mun san saura.

Jiya Alhaji ya kira ni ofis, ya ajiye mini igamata a kan tebur, an sabunta. A ƙarƙashinta ga takardar bizarku. Ya ce kada in gode masa, shi har ya gama shirin sallamata, tsohuwa ce ta ce ba za a kori mutumin da ya kawo kansa ba, kuma da sunanta aka nemo muku, a gidanta za ku sauka. Na gode masa duk da haka, don da ya ga dama da ya ƙi jin maganarta.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ki adana ta da kyau. Ki taho da daddawa da kuka masu yawa. Hajiya ta ce tana 'yar shekara bakwai aka baro Katsina da ita a ƙafa, kuma har yau ba ta sha miyar da ta kai ta uwarta ba. Ni na ɓata mata abin da ba zan iya mayarwa ba, ita kuwa ta ba ni ku. Ba ni da abin biyanta, Ƙaltume. Ki zo ki yi mata miyar nan.

Ki gaida Inna, ki ce addu'arta ta karɓu. Sai na tarye ku a filin jirgi, in Allah ya yarda.

Ni ne mijinki mai godiya,
Maigandi