Mai Tsintsiya a Bayan Jaruma

Auta,

Ina gaishe ka. Yaya ƙafar Inna? Ni ƙalau nake, sai ɗan ciwon baya.

Ka tambaya ko garin nan ya yi kama da na katun ɗinmu, na masu hannun ƙarfe. Sak! Fitilu ko'ina, benaye har cikin gajimare.

Ka tuna kashin da muka fi so, inda jarumar ta fasa taga ta diro, muna ta ihu? Jiya na sake kallonsa. Ashe a bayanta akwai mai shara, ko fuska ba a zana masa ba. Ban taɓa lura da shi ba sai da na zama shi.

Ka ce wa Inna a saman bene nake aiki. Ai ba ƙarya ka yi ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka