Maus Ɗin Yayanka Bai Lalace Ba

Zuwa ga Autan Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amaryarka, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a wannan nisan duniya. Mu nan alhamdulillahi. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, sai dai har yanzu idan ta ji ƙarar babur a ƙofar gida takan ɗaga kai, sannan ta tuna. Ni ma haka nake. Allah ya jiƙan Yayanka, ya sa ya huta.

Maganar kwamfutarsa ce ta sa na ɗauki biro. Ka san yadda nake tsokanarsa da baƙin allon nan nasa na Linux, babu hoto babu taga, sai rubutu kamar tururuwa. Nakan ce masa ko makaho ya fi shi ganin ado. Shi kuma ya yi dariya, ya ce wata rana zai sa mata fuska irin ta mutane, mai hotuna da wurin dannawa, don in riƙa ajiye hotunan ɗinkina ina kiranka muna ganin juna. Ya fara, ciwo ya kwantar da shi, aikin ya tsaya a rabi.

Da na samu ƙarfin shiga ɗakin aikin nasa, na tarar da komai yadda ya bari: tabaransa a kan kibod ɗin da ake buga rubutu, ƙananan kusoshi cikin murfin kwalba, maus, ɗan abin nan da ake ja ana dannawa, a gefen hagu. Na ɗauka mai shara ce ta gusar da shi, na mayar da shi dama. Na bi saƙonnin muryar da ka turo ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da ka ce harafi-harafi. Kamar yadda ka faɗa, ya riga ya buɗe mini suna a ciki, saukewar sabuwar fuskar daga intanet ce kawai ta katse. Ta ƙarasa, na kashe na kunna, sai ga allo ya haskaka, ga hotuna, ga rubutu manya-manya da nake karantawa ba tabarau. Na yi kuka, Auta, na yi har na gode Allah.

Sai kuma matsalar da na kira ka a kanta. Duk abin da na danna ba ya buɗewa, sai wani ɗan jerin rubutu ya faɗo. Ka ce saitin ne ya rikice, ka turo mini layi guda da zai goge duk tsohon saitin, komai ya dawo sabo fil. Ka ce abin minti ɗaya ne. To ban yi ba, kuma ka ji dalili.

Jiya da hantsi na zauna zan yi. Wayar tana hannuna na dama ina sauraron muryarka, sai na jawo maus ɗin da hagu ba tare da na lura ba. Ɗan alina ya sauka a kan madannin dama maimakon na hagu, na danna, hoton ya buɗe. Na sake, ya sake buɗewa. Ashe ba lalacewa ya yi ba. Yayanka ne ya juya madannan, ya kuma ajiye shi a hagu da hannunsa.

Kai dai ka san ni bahaguwa ce, don kai ne kan gaba wajen tsokanata tun ina amarya. Tun ina yarinya ake bugun hannun nan, har na koyi ɓoye shi a gaban mutane, almakashi kaɗai nake riƙewa da shi idan na rufe ƙofa. Duk zaman da muka yi, bai taɓa ce mini uffan a kai ba, har na ɗauka bai damu ya lura ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa sai da ya tafi na ji nasa a wurin na'ura. Wannan ne yake cina, don babu wanda zan juya in ce wa na gani.

Saboda haka ka yi haƙuri, ba zan rubuta layin nan ba. Na san ka fi ni sanin aikin, kuma alheri kake nufi. Idan akwai abin da ya rage na gyara, ka koya mini hanya mai tsawo, ko da za ta kai ni baɗi, muddin ba za ta taɓa abin da ya saita ba.

Ka gaida amaryarka da 'yarku Ƙaramar Hajiya. Hajiya da Gwaggo da Baffa suna gaishe ka, yara kuma suna tambayar yaushe Kawu zai zo. Ranar Juma'a zan kira ka ta kwamfutar. Idan ka ga ina dannawa da hagu, wannan karon kada ka yi dariya.

Taka har kullum,
Matar Yayanka