Rabonmu na Asuba

Yaya Niranjan,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya birnin Surat, ya ƙarar injinan saƙa?

Muryar Baba na ƙarewa. Ka san tun zamanin kakanni ba a taɓa daina rera sunan Hari, abin bautarmu, a ɗakin bautar garinmu ba, gida ya sauke, gida ya ɗauka. Rabonmu asuba ne zuwa hantsi. Ka kuma san mai rerawa ba ya shiru sai mai karɓa ya zauna gabansa, ya taɓa ƙafarsa, sun haɗa murya. Jiya na yi mafarki kogi ya shigo har gaban fitilar ɗakin bauta yana tambaya, ina ɗan gidan? Tsoro nake ji, Yaya, kada waƙar ta yanke a hannunmu.

Ƙanwarka mai mafarki, kamar yadda kake tsokanata,
Basanti

*

Basanti sarkin mafarki,

Lafiya lau nake. Kogin ma ya san sunana ke nan? Ga 'yar rakoda na aiko. Ki ɗauki muryar Baba, ki riƙa kunnawa da asuba, shi ya huta. Ni na manta rerawar nan, kunnena ya cika da ƙarar inji.

A gaida Baba.
Niranjan

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kai wa Baba rakodar. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ina ƙafarta da za a taɓa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekaranjiya da asuba hazo ya rufe kogi, Baba na rerawa a ɗakin bauta, ni ina daga baya ina gyara turare. A tsakiyar baiti muryarsa ta tsaya. Ban san lokacin da na tsinci kaina gabansa ba. Na taɓa ƙafarsa, na kama daga inda ya saki. Ya dube ni yana murmushi, ya ce "Niranjan," ya jingina da ginshiƙi. Ban tashi ba, Yaya. Ina kuka ina rerawa har mutanen gidan Sahu, masu rabon bayanmu, suka zo karɓa da hantsi. Kafin nan ƙafarsa ta yi sanyi, Baba ya cika.

Waƙar ba ta yanke ba. Amma bayan girbi za a kai ni gidan mijina, can ƙetaren kogi.

Basanti

*

Ƙanwata,

Na karanta. Yau a gaban inji abokin aikina ya ce, "Wai me kake rerawa kullum da sassafe?" Ashe tuntuni bakina bai daina ba.

Riƙe mini waƙar. Ina zuwa in taɓa ƙafarki.

Yayanki,
Niranjan